Golan Ƙasa Mai Gyaran Firji

Shagonsa a ƙarƙashin wani bene yake, tsakanin mai wanki da guga da kantin magani. Firji ne a jere har bakin titi, wasu ba ƙofa, wasu an kwantar da su a gefe suna jiran a zo kansu. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. Gola kowa ke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Shi dai ba laƙabin banza aka liƙa masa ba. Ya tsare wa ƙasarsa raga kusan shekara goma. Ƙasar ƙarama ce, ƙungiyarta kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyarsu, kuma ta daɗe a wurin har ba mai yi mata takara. 'Yan wasanta duk masu sana'a ne. Akwai direban bas, akwai malamin makaranta, akwai ɗan sanda, ga wasu 'yan'uwa biyu masu fenti da ke tsaron baya. Idan wasa ya taso, kowa sai ya je ya nemi izini a wurin aikinsa.

Ta haka ma Gola ya shiga. Lokacin yana koyon gyara a hannun wani dattijo, yana kuma tsare wa ƙungiyar unguwa raga da yamma. Mai tsaron gida na ɗaya ya sami aiki a banki, manaja ya ce ba inda za shi. Na biyu kuma mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ya hau jirgin sama ba. Sai aka tuna da wani dogon yaro mai manyan hannuwa. Ubangidansa ya ba shi izini, da sharaɗin ya gama ɗura wa firizar mahauci gas kafin ya tafi.

Wasan farko an yi shi a gidan wata babbar ƙasa, a filin da ya fi garinsu cika. An zura masa tara. Washegari jaridar can ta ce shi ne gwarzon wasan, domin in ba don shi ba da abin ya wuce haka nesa. Da ya dawo gida, mahaifinsa, wanda bai taɓa kallon ƙwallo ba, ya sa shi a gaba ya tambaye shi mene ne ainihin aikinsa a cikin filin. Ya ce hana ƙwallo shiga. Tsohon ya ce to shi dai a rediyo ya ji tana ta shiga. Gola ya yi masa bayanin cewa waɗanda ya tare sun fi waɗanda suka shiga yawa, rediyo ce ba ta ƙirga su. Mahaifin ya jinjina kai, sannan ya ce masa fankar ɗakinsa na ƙara, ya duba ta.

Haka rayuwar ta miƙa. A yi wata biyu yana kwance a bayan firji da filaya a baki, sai a kira shi, a je a lallasa su, a dawo. Bai taɓa yin fushi a fili ba. Idan ƙwallo ta shiga, sai ya juya a natse ya ɗauko ta, ya goge ta da rigarsa, ya miƙa wa na kusa. Wani shahararren ɗan wasa ya taɓa cin sa huɗu a rana ɗaya, bayan ta huɗun ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ba shi haƙuri. Gola ya ce masa ba komai, aikinsa yake yi.

Matar da ya aura malamar firamare ce. Da ƙawayenta suka tambaye ta abin da ta gani a jikinsa, ta ce mutumin da za a zura wa tara ya dawo gida ya ci abincinsa ya yi barci, ba abin da za ta yi masa ya ɗaga murya. Ba ta yi kuskure ba. Sun haifi mata biyu da namiji ɗaya, kuma maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Mutum ɗaya ne ya iya taɓa masa zuciya, shi ne ƙanin matarsa. Kuku ne a jirgin ruwa na dakon kaya, don haka Kuku ake kiransa. Yakan yi watanni a teku, ya dawo da tsarabar agogo da turare da labarai, ya sauka a gidan yayarsa. A irin wannan zuwan ne, suna cin abincin rana, ya ce jirginsu ya tsaya a wani tsibiri can ƙarshen duniya, ya je ya kalli ƙungiyar ƙasarsu tana wasa. Ya ce su ma su ne na ƙarshe a nahiyarsu. Ya ƙara shinkafa a farantinsa sannan ya ce, "Amma fa Yaya, da za ku haɗu, sai sun ci ku."

Gola ya ajiye cokali. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya ajiye cokali da sauran abinci ba.

Abin da ya faɗa a ranar shi ya ci gaba da faɗa shekara da shekaru. Ya ce ba a duba yawan cin da aka yi wa mutum, wanda ya ci shi ake dubawa. Su masu cin su a talabijin ake ganinsu, yara na sa rigunansu a titi. Su kuwa 'yan tsibiri, wa ke cin su? Wasu 'yan tsibirin ne da ba wanda ya san su. Kuku ya ce tara dai tara ce, ko wa ya zura ta. Ya ce ya ga mutanen nan da idonsa, ƙirjin kowannensu kamar ƙofar firiza, kuma suna gudu a cikin yashi tun suna yara. Gola ya ce ba a yashi ake wasan ba.

Da Kuku ya koma teku, gardamar ba ta bi shi ba, a shagon ta zauna. Mai kantin magani ya ɗauki ɓangaren Kuku, mai wanki ya tsaya wa Gola saboda maƙwabtaka. Daga 'yan tsibiri aka wuce zuwa sauran nahiyoyi. Akwai ƙananan ƙasashen Turai na cikin duwatsu, waɗanda Gola ke kira 'yan dutse. Ya yarda suna da ciyawa mai kyau da likita, kuma su ma manya ke cin su, don haka ya ce da su kunnen doki za a yi. Akwai na ƙarshe a Asiya, da aka ce filinsu a saman tsauni yake inda numfashi ke wa baƙo wuya. Ya ce a gidansu za su ci, a gidanmu mu ci, a tsakiya kuma sai abin da Allah ya yi. 'Yan tsibiri ne kawai bai ba su komai ba, ko a gida ko a waje.

Mai magani ya taɓa kawo wata hanya ta warware maganar. Ya ce tunda ƙungiyoyin ba su taɓa haɗuwa ba, sai a bi ta kan waɗanda suka haɗu da su. Wance ta yi canjaras da wance, ita kuma ta taɓa cin wance, wadda ta taɓa ba wata kashi. Suka bi zaren nan da yamma guda, masu kawo gyara na tsaye suna jira. Ƙarshensa zaren ya nuna ƙasarsu ta fi 'yan tsibiri, mai wanki ya fara murna. Sai mai magani ya ƙara jan zaren, ya nuna cewa ƙasarsu ta fi ƙasar nan da ta zura wa Gola tara. Gola ya ce a bar hanyar, shi yana wurin ranar da aka zura taran.

Ƙwallo ba ita ta karya shi ba. Yana saukowa da firiza daga hawa na uku ne ƙafarsa ta zame, gwiwa ta goce. Ya lallaɓa ya buga wasa ɗaya na bankwana, aka ci su biyu da nema, wanda a lokacin sakamako ne da aka yi ta maganarsa. Bayan an tashi, 'yan fenti biyun nan suka yi yunƙurin ɗaga shi a kafaɗa, suka ji nauyinsa, suka mayar da shi ƙasa suka rungume shi.

Shekaru suka wuce. Ubangidansa ya rasu ya bar masa shagon. Babbar 'yarsa, wadda tun tana ƙarama take miƙa masa sukundireba, ta zama ita ce hannun damansa, har ta fi shi gane firjin zamani masu allo a ƙofa. Kuku ya bar teku, ya buɗe ɗan gidan abinci a bayan tashar mota, ya yi aure, ya yi tumbi. Gola kuma hukumar ƙwallo ta ba shi aikin horar da masu tsaron gida, aikin yamma, bayan ya rufe shago.

A nan ne wata rana sakataren hukumar ya sanar cewa an shirya wasan sada zumunta tsakanin na ƙarshe a nahiyoyi daban-daban, kuma 'yan tsibiri za su zo. Gola ya koma gida kai tsaye. Ya yi wanka, ya canza riga, ya hau bas zuwa gidan abincin Kuku. Ya same shi yana yanka albasa. Ya gaya masa. Kuku ya goge hannu a tawul ya ce Allah Ya kai mu. Daga nan har ranar wasan ba su sake ta da maganar ba, sai dai kowanne ya riƙa yi wa ɗan'uwansa ladabi fiye da kima, abin da ya dami matar Gola ƙwarai.

'Yan tsibiri suka iso bayan sun yi kwanaki a hanya, suna sauka daga wannan jirgi su hau wancan. Mutum goma sha uku ne kacal, sauran ba a ba su hutu a wurin aiki ba. Jakunkunansu kuma sun bi wani jirgin zuwa wata ƙasa. Da yammar da suka zo motsa jiki, Gola ya tsaya a gefen fili yana kallonsu. Kuku bai yi ƙarya ba game da ƙirjin. Amma ƙafafunsu sun kumbura saboda zaman jirgi, wasu na gudu da takalmin tafiya, biyu kuma sun kwanta a ciyawa barci ya ɗauke su.

Mai tsaron gidansu yaro ne siriri, ma'aikacin gidan waya. Da hannu tsirara yake tare ƙwallo, kowace ya tare sai ya yarfa yatsu ya cije leɓe. Gola ya kalle shi ya kau da kai, ya sake kallonsa. Ya san wannan zafin tun daga farce har kafaɗa. Sai ya buɗe jakarsa ya ɗauko safar hannunsa, wadda ya yi wasan bankwana da ita, ya taka da ɗingishinsa har bakin raga ya miƙa masa. Yaron ya sa, ta yi masa yawa kaɗan. Gola ya ɗaure masa wuyanta da salatif irin na wayar lantarki da ke aljihunsa.

Kocin baƙin wani tsoho ne mai farin gashi, mai gyaran famfo, shi ma tsohon mai tsaron gida. Da yake Kuku ya tsinci yarensu a tashar jiragen ruwa, shi ya zama tafinta. Suka zauna su uku a benci. Tsohon ya tambayi Gola mafi yawan cin da aka taɓa yi masa. Gola ya ce goma sha ɗaya. Tsohon ya ce shi goma sha bakwai. Gola ya tambayi wa ya ci shi, tsohon ya faɗi sunan ƙasar, sai ga shi ƙasa ce da ake gani a talabijin. Tsohon ya ce su a can sun daɗe suna cewa duk duniya in akwai ƙungiyar da za su iya ci, to ta ƙasar Gola ce. Ya faɗa ba da raini ba, kamar mai isar da gaisuwa. Gola ya ce ya gode, su ma haka suke cewa.

Daga nan suka koma kan 'yan dutse, suka yarda cewa kowannensu zai iya da su. Kuku ya ce ba gaskiya ba ne, ya ƙi fassara sauran maganar. Suka ƙarasa hirar da hannu, tsohon na nuna masa yatsunsa da suka karkace, shi yana nuna masa nasa.

Ranar wasa fili ya cika, abin da ba a saba gani ba, domin mutane sun ji an ce yau akwai yiwuwar a ci. Da yake kayan baƙin ba su iso ba, aka ba su aron takalma da rigunan ƙasar na biyu. Ƙungiyoyi biyu suka fito duk da tambarin ƙasa ɗaya a ƙirji. Wata tsohuwa a bayan benci ta yi ta yi wa baƙin addu'a har aka tafi hutun rabin lokaci kafin jikarta ta fahimtar da ita.

Wasan bai yi kyau ba. Ƙwallo ta fi daɗewa a sama da a ƙasa. Masu gida suka daki turke sau biyu. Baƙi suka sami dama ɗaya, ɗan wasan gabansu ya buga, takalmin aron ya fita ya riga ƙwallon isa raga, ita kuma ta yi waje. Ana dab da tashi, wani ƙato daga cikinsu ya faɗa kan ɗan wasan gaban masu gida a cikin da'ira, alƙalin wasa ya ba da fenariti.

Filin ya yi tsit. Gola na zaune a bencin ƙasarsa, Kuku na can sama cikin 'yan kallo. Kyaftin ɗin masu gida ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya buga ta ƙasa ta gefen hagu, bugu mai kyau. Yaron gidan waya ya miƙe tsawonsa ya ture ta da ƙarshen yatsu.

Gola bai san lokacin da ya tashi ba. Ya dai tsinci kansa a tsaye, hannuwa a sama, shi kaɗai a duk ɓangaren. Koci ya juyo ya kalle shi, 'yan benci suka kalle shi, sakataren hukuma ya kalle shi daga wurin manyan baƙi. Ya sauke hannuwan a hankali, ya sosa ƙeya, ya zauna. Aka tashi ba ci.

Yaron ya zo mayar da safar, Gola ya ce ya tafi da ita. Bayan mako guda sakatare ya kira shi ofis ya ce an yaba da hidimarsa, amma za a gwada sabon jini. Bai ambaci safar ba, bai ambaci tsayuwar ba. Gola ya ce to, kuma kafin ya fita ya gaya masa na'urar sanyaya ofishin na zubar da ruwa ta baya, a sa a duba magudanarta.

Wasan bai raba gardamar ba. Kuku ya ce mutanen da suka yi kwanaki a hanya, suka buga da takalmin aro, suka tashi ba ci a gidan wani, ai sun yi nasara. Gola ya ce turke biyu da fenariti shaida ce ta wanda ya fi, kuma da hannun yaron tsirara ne da yanzu an gama magana. Kuku ya ce wa ya aike shi ya ba yaron safa. An ce za a yi wasan ramuwa a tsibirin, kuma har yanzu ana shirye-shirye.

Bara Kuku ya faɗi a kicin ɗinsa da rana tsaka. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin jiki da harshe. Ya fito daga asibiti yana ganin mutane yana gane su, amma magana ta ƙi. Likita ya ce a riƙa yi masa hira, a ja shi ya yi ƙoƙarin amsawa. Matarsa ta yi, yayarsa ta yi, yara suka yi ta tambayarsa sunayensu, shi dai sai ya kalle su ya kau da kai.

Gola ya bar wa 'yarsa shago ya je da la'asar. Ya same shi a kujera kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Bai tambaye shi jiki ba. Ya ce ya yi tunani a kan mutanen Asiya na saman tsauni, ya ga a da ya yi musu sassauci. Ya ce ko a gidansu, ƙasarmu za ta ci su uku da nema.

Kuku ya juyo da kai. Bakinsa ya yi ta motsi, gefe ɗaya na bin ɗaya, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Matan biyu suka tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙarya," in ji Kuku.

Matarsa ta toshe baki da gyale ta koma ciki. Yayarsa ta zauna a hannun kujera tana share ido. Gola ya ce ba ƙarya ba ce, kuma zai kawo hujja gobe.

Tun daga ranar kullum da la'asar yana can. Kuku yanzu yana haɗa kalma huɗu ko biyar, akasarinsu na musu ne. Likita ya ce ana samun ci gaba. Sun gama da Asiya a watan jiya, ba su daidaita ba, yanzu suna kan wasu ƙananan ƙasashe na yankin Amurka da Gola bai tabbatar da inda suke ba, amma ya ce ya ga hoton mai tsaron gidansu, tsayuwarsa ba daidai ba ce.